Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Matsalar Bidiyo A Manhajar Gabatar Da Jawabi



Da farko ina miƙa godiyata ga Ƙungiya saboda wannan dama da ta ba ni, ko da yake na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi ni sanin kwamfuta nesa ba kusa ba. Abin da aka nemi in yi magana a kansa wata matsala ce wadda kowa ke rainawa sai ranar da ta faɗo masa, watau bidiyon da mutum ya saka a cikin manhajar gabatar da jawabi, irin su PowerPoint, ya ƙi tashi a gaban jama'a.

Mu ɗauka ɗalibin aikin gona ne ya kwashe damina guda yana ɗaukar yadda tsutsa ke cin masara, ko kuwa ɗalibar sashen Hausa ce ta je har ƙauye ta ɗauko hira da tsofaffin masaƙa. Ranar kare kundi ta zo, mai jarrabawa ya taso daga wata jami'a, an ba kowa minti 15. Aka zo shafin da hujjar aikin take, sai ga baƙin allo. Kafin a gama danne-danne minti 5 sun tafi, hankalin mai jawabi ya tashi, abin da ya haddace ya watse. Haka kuma ƙaramin ma'aikacin da ke son nuna wa Babban Sakatare gadar da ambaliya ta cinye domin a ware kuɗin gyara. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to in ganin ya gagara, sai a koma ga jin da aka so a kora, kuma sau da yawa a nan magana ke mutuwa.

Yadda bidiyo yake a cikin kwamfuta

Ba a maganin cuta sai an san asalinta, saboda haka bari mu fara da sanin abin da bidiyo yake. Bidiyo hotuna ne masu yawa da ake jerawa da sauri, galibi 25 ko 30 a kowace daƙiƙa, har ido ya ga kamar motsi ne. Hoto guda na irin girman da aka saba da shi yau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla ɗigo 2,073,600. In kowane ɗigo ya ci bayit 3 domin launinsa, hoto guda ya haura megabayit 6, daƙiƙa guda mai hoto 30 ta kai kusan megabayit 187, minti guda kuwa ya wuce gigabayit 11. Babu wayar da za ta jure wa wannan. Don haka dole a matse bidiyo lokacin ɗauka, a kuma warware shi lokacin kallo. Ƙa'idar da ake bi wajen wannan matsewa da warwarewa ita ake kira kodek.

Bayan an matse hoto da sauti, sai a zuba su a mazubi guda. Sunayen nan da muke gani a ƙarshen fayil, irin su MP4 da MOV da AVI da MKV da WMV, duk sunayen mazubi ne. Mazubi kuwa kamar buhu yake, yana iya ɗaukar gero, yana iya ɗaukar dawa, kuma rubutun da ke jikinsa ba ya tabbatar maka da abin da ke ciki. Wannan shi ya sa za ka ga fayil biyu duk MP4, ɗaya ya tashi, ɗaya ya ƙi. Shi ya sa kuma wanda ya goge MOV a ƙarshen suna ya rubuta MP4 bai gyara kome ba, buhu kawai ya sake wa rubutu.

Kodek ɗin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne H.264, wanda aka kammala tsara shi a shekarar 2003. A shekarar 2013 aka fito da magajinsa, H.265, wanda kuma ake kira HEVC, mai matse bidiyo fiye da na farkon, amma ba kowace kwamfuta ce ke iya warware shi ba. Kamfanin Microsoft da kansa shawarar da yake bayarwa ita ce a yi amfani da MP4 mai ɗauke da hoton H.264 da sautin AAC. Wanda ya riƙe wannan jimla guda ya tsira daga babban kaso na wahalar da za mu ambata.

Matsala ta farko: bidiyon bai biyo jawabin ba

Akwai hanya biyu ta saka bidiyo a shafi. Ko dai a cusa shi gaba ɗaya cikin fayil ɗin jawabin, ko kuwa a bar shi inda yake a rubuta wa manhaja adireshinsa kawai. PowerPoint, wadda ta fara fitowa a shekarar 1987, ta daɗe tana bin hanya ta biyu, sai a fitowar 2010 ne cusawa ta zama al'adarta. Har yanzu kuwa hanyar adireshi tana nan: a tagar zaɓen bidiyo, kusa da maɓallin Insert, akwai zaɓin Link to File. Wanda ya bi ta nan, sa'an nan ya kwafi jawabin kaɗai a filashi ya kai wata kwamfuta, ya tafi da takardar adireshi ya bar gidan a baya.

Gane wannan ba wuya. Dubi nauyin fayil ɗin: in bidiyonka megabayit 80 ne, jawabin kuwa gaba ɗaya megabayit 2, lalle bidiyon ba ya ciki. Mai son tabbaci ya kwafi fayil ɗin, ya mai da ƙarshen sunan kwafin daga pptx zuwa zip, ya buɗe. Tun fitowar 2007 fayil ɗin PowerPoint ƙunshi ne na ƙananan fayiloli, kuma a cikin jakar ppt akwai wata jaka mai suna media, inda duk hoto da bidiyon da aka cusa suke zaune. Magani shi ne a sake saka bidiyon ta hanyar cusawa. In kuwa ya yi nauyi ƙwarai har dole a yi amfani da adireshi, to a fara ajiye bidiyon da jawabin a jaka guda tun kafin a haɗa su, a kuma kwafi jakar dungurungum.

Daɗin daɗawa, a kula da irin ajiyar da ake yi. Wanda ya ajiye jawabinsa a tsohon tsari mai ƙarewa da ppt, bidiyon da ya cusa zai koma hoto marar motsi. Haka nan wanda ya mai da jawabin PDF.

Matsala ta biyu: kwamfuta ba ta san kodek ɗin ba

Alamar wannan ita ce saƙon da ke cewa ba a iya kunna fayil ɗin, ko a ji sauti babu hoto, ko a ga hoto babu sauti. A nan ne ɗalibai suka fi rantsuwa cewa ai jiya ma sun kalli bidiyon a VLC. Gaskiya ne sun kalla, sai dai VLC tafe take da nata kodek a cikinta, PowerPoint kuwa da abin da ta tarar a Windows take dogara. Ita VLC ɗin nan, ya kamata mu sani, ɗalibai ne irinmu suka fara ta a wata makarantar injiniya ta birnin Faris a shekarar 1996, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001. Amfaninta a nan shi ne ta gaya maka abin da ke cikin buhu: buɗe bidiyon a cikinta, ka danna Ctrl da J tare, za ta nuna maka sunan kodek ɗin hoto da na sauti.

In ka ga HEVC, to ga mai laifin nan. Tun shekarar 2017 wayoyin iPhone suka koma ɗaukar bidiyo da shi, wayoyin Android da dama ma suna da wannan zaɓi, alhali Windows na bukatar wani ƙari daga kantin Microsoft kafin ta warware shi, kuma ba kowace kwamfuta aka saka wa ba. Mai iPhone yana iya shiga saitin kyamara, wajen Formats, ya zaɓi Most Compatible tun kafin ya tafi ɗaukar aikinsa. Wanda ya riga ya ɗauka kuwa sai ya juya bidiyon. Akwai manhajar kyauta mai suna HandBrake, wadda za ka ba ta bidiyo, ka zaɓi tsarin Fast 720p30 ko Fast 1080p30, ta fito maka da MP4 mai H.264 da AAC. A cikin PowerPoint ta Windows ma, in ka shiga File, sa'an nan Info, za ka ga maɓallin Optimize Compatibility idan akwai bidiyon da ke bukatar gyara.

Yayyenmu ma'aikata da ke gadon tsofaffin fayiloli a ofis su lura da abu biyu. Kamfanin Apple ya daina kula da QuickTime na Windows a shekarar 2016, kamfanin Adobe kuma ya rufe Flash a ƙarshen shekarar 2020. Tsohon jawabin da ya dogara da ɗayansu, kada a ɓata lokaci wajen neman farfaɗo da su, a nemo asalin bidiyon a juya shi. Har ila yau akwai nau'in Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa, wanda aka yi domin kasuwar Turai, ba ya zuwa da kayan kunna sauti da bidiyo sai an ƙara masa Media Feature Pack. Da yake yawancinmu kwamfutocin gwanjo muke saye, yana da kyau kowa ya duba irin Windows ɗin da ke tasa.

Matsala ta uku: bidiyo yana tafiya yana tsayawa

Wani lokaci bidiyon zai tashi, amma ya riƙa sarƙewa, baki ya motsa magana ta biyo baya. Wannan alama ce ta cewa kaya sun fi ƙarfin jaki. Bidiyon da ake kira 4K yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, watau ninki huɗu na wanda muka lissafa ɗazu, alhali majigin da ke yawancin azuzuwa ba zai iya nuna wannan yawan ɗigo ba. An ɗora wa kwamfuta wahalar da babu mai cin moriyarta. A wurin nan na Info akwai maɓallin Compress Media, wanda ke rage bidiyon da aka cusa zuwa 1080 ko 720 ko 480, kuma 720 ya wadatar a zaure irin wannan. In minti guda kake bukata daga bidiyon minti 20, yanke shi tun a gida.

Bayan haka, kada a kunna jawabi kai tsaye daga filashi, a fara kwafe shi cikin kwamfutar, domin tsohon filashi ba shi da saurin miƙo kaya. A rufe sauran manhajoji, musamman burauza mai shafuka barkatai. A kuma jona kwamfuta da wuta in da hali, saboda idan ta koma kan batir takan rage ƙarfinta don tsimi, kuma bidiyo ne ke fara jin jiki.

Matsala ta huɗu: hoto ya fito, sauti ya ɓace

A nan sai a dubi wayar da ta haɗa kwamfuta da majigi. Tsohuwar waya mai shuɗin kai da ƙananan allurai 15, wadda ake kira VGA, hoto kaɗai take ɗauka, don haka dole a nemi wata waya dabam daga kafar sauti zuwa lasifika. Ita kuwa HDMI tana ɗaukar hoto da sauti tare, kuma a nan ne abin mamakin yake: da zarar an soka ta, Windows takan mai da sauti zuwa majigi, majigin kuwa wataƙila lasifikarsa 'yar mitsitsiya ce, ko babu ita sam. Sai a danna alamar lasifika a ƙasan allo, a zaɓi inda ake son sautin ya fita. A duba kuma cikin PowerPoint, a sashen Playback, ko an kashe sautin bidiyon ba a sani ba. Mai gabatarwa ta Zoom ko Teams ya tuna cewa raba allo ba ya tafiya da sauti sai an danna zaɓin haɗawa da sautin kwamfuta, in ba haka ba shi kaɗai zai riƙa ji, sauran suna kallon bebe.

Matsala ta biyar: yana fita a kwamfuta, ba ya fita a bango

Wannan takan faru ne saboda yadda kwamfuta ke raba hoto tsakanin allonta da majigi. Danna maɓallin Windows da harafin P tare, za ka ga zaɓin Duplicate, mai nuna abu guda a wuri biyu, da Extend, mai mai da majigi allo na biyu. In ɗaya ya ƙi, gwada ɗayan. In abin ya ci tura, shiga File, Options, Advanced, ka nemi layin da ke kashe taimakon da katin hoto ke bayarwa lokacin nuna jawabi, ka sa masa alama, ka sake gwadawa. Idan wannan ya warware matsalar, to direban katin hoton ne ya tsufa, sai a sabunta shi bayan taro.

Matsala ta shida: bidiyon yana intanet

Bidiyon YouTube da aka saka a shafi ba ya cikin fayil ɗinka, kowane lokaci daga intanet ake janyo shi. Mu kuwa mun san halin sabis a ƙasarmu, balle a zauren da mutum 200 suka taru kowa da waya a hannu. Ban da haka, mai bidiyon yana iya goge shi, ko ya hana a kunna shi a wajen YouTube. Masu amfani da Google Slides su ma haka abin yake, domin bidiyonsu daga YouTube ko Google Drive yake zuwa, kuma in ba a ba mutum izinin ganin fayil ɗin da ke Drive ba, ba zai tashi a wurinsa ba. Bidiyon da ka ɗauka da hannunka, ajiye shi a kwamfutarka ka cusa shi. Na wani kuwa, nemi izininsa, ka kuma ambaci sunansa a shafin, domin haƙƙin mai shi ne, kuma mai jarrabawa yana lura da irin wannan.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ke kama da babbar cuta alhali ba ita ba ce. Na ɗaya, fayil ɗin da aka sauko da shi daga imel yakan buɗe da wani rawayen layi a sama, kuma sau da yawa bidiyo ba ya tashi sai an danna Enable Editing. Na biyu, a sashen Playback akwai wurin da ake zaɓar yadda bidiyo zai fara: da kansa, ko in an danna kansa, ko a cikin jerin danne-dannen shafin. Wanda bai san wanda ya zaɓa ba zai tsaya yana jiran abin da shi ma jiransa yake yi.

In ta faru a gaban jama'a

To, jama'a, in duk da haka abin ya auku, shawarata ita ce kada a ba gyara fiye da minti guda. Tun kafin a fara, a buɗe bidiyon a VLC a tsayar da shi a farkonsa, ta yadda in na cikin shafi ya ƙi, sai a danna Alt da Tab a koma can a kunna. In wannan ma ya ƙi, sai a wuce shafi na gaba, inda aka tanadi hotuna uku ko huɗu da aka ciro daga bidiyon, a bayyana da baki abin da ke faruwa a cikinsu. Masu jarrabawa sun ga irin wannan ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma ɗalibin da ya ci gaba da bayaninsa cikin natsuwa ya nuna musu cewa aikin yana kansa. Wanda ya duƙufa kan kwamfuta ya juya wa jama'a ƙeya, yana ta ba da haƙuri, shi ne ke asarar lokaci da kwarjini gaba ɗaya.

Amma dai rigakafi ya fi magani. Kwana biyu kafin ranar, a juya kowane bidiyo zuwa MP4 mai H.264, a cusa shi, a duba nauyin fayil. A ajiye jawabin da asalin bidiyon a jaka guda, a yi kwafi a filashi da waya. Sa'an nan a gwada a wata kwamfuta wadda ba ta mai jawabin ba, a kashe intanet lokacin gwajin, domin kwamfutar da aka shirya aiki a kanta ba ta tona asirin abin da ya ɓace. Mafi muhimmanci, a je ɗakin da za a yi taron, a jona majigin da za a yi amfani da shi, a danna F5, a kalli bidiyon daga farko har ƙarshe, a sa wani ya zauna a kujerar baya ya faɗi ko yana ji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kammalawa

Malam Shugaba, kafin in zauna ina da roƙo guda biyu ga Ƙungiya. Na farko, ta nemi sassa su riƙa buɗe ɗakunan kare kundi kwana guda kafin ranar, ko da na awa biyu ne, domin kowane ɗalibi ya gwada aikinsa a kan majigin da zai tsaya gabansa. Na biyu, ta tanadi ɗan akwati a ofishinta mai ɗauke da wayar HDMI da ta VGA, da mahaɗin da ke haɗa su da sababbin kwamfutoci masu kafar USB-C, da ƙaramar lasifika mai caji, wanda ɗalibi zai ara ya sa hannu ya dawo da shi. Kuɗin waɗannan kaya kaɗan ne in an gwada da wahalar shekara huɗu da ɗan talaka ke zuwa karewa a cikin minti 15.

Ga 'yan'uwana da suka fahimci abin da na faɗa kuwa, ina roƙon kowa ya koya wa abokin ɗakinsa, musamman waɗanda ba su mallaki kwamfuta ba sai aro, domin su ne wannan matsala ta fi kamawa, tun da a kwamfutar wani suke shiri, a ta wani kuma suke gabatarwa.

 Allah ya ba masu kare kundi sa'a, ya ba yayyenmu ma'aikata nasara a ayyukansu, ya sa iliminmu ya amfani jama'armu.